Tsohuwar A-kori-kura a Amurka: Mai Mota Shi Ne Bakanikenta

A ƙasar Amurka, inda ake ɗauka kamar kowa sabon abu yake so, akwai wata irin mota wadda tsufa bai cika zubar mata da daraja a wurin masu ita ba. Wannan kuwa ita ce a-kori-kura, watau motar nan mai ɗan ɗaki a gaba domin direba da mutum ɗaya ko biyu, da buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya. Da ita manomi yake kai abincin dabbobi gona, a cikinta magini da kafinta suke zuba kayan aikinsu. A ƙauyukan jihohi irin su Texas da Kansas ba abin mamaki ba ne a ga wadda aka ƙera tun shekarar 1975 tana jan kaya har yanzu. Abin da ya kamata masu sauraro su lura da shi kuwa shi ne, da yawa daga cikin waɗannan motoci ba su san ƙofar gareji ba sai ta kama dole. Masu su ne ke gyara su da hannunsu, a ƙofar gida ko a ƙarƙashin inuwar itace.

Tun cikin 1925 kamfanin Ford ya fara sayar da a-kori-kura ƙirar masana'antarsa, a kan dala 281. A cikin 1948 ya fito da jerin motocin da ake kira F, waɗanda tun daga 1977 babu wata a-kori-kura da ta kai su kasuwa a ƙasar. Shi kuma Chevrolet, daga 1973 har zuwa 1987 kusan siffa ɗaya ya riƙa ƙerawa, sai ɗan canji nan da can. Da yake miliyoyi aka ƙera, kuma aka daɗe ba a sāke fasali ba, sai ya zama ƙofar wannan mota takan shiga waccan, famfon ruwan waccan yakan hau injin wannan, kayan gyara kuma ba su yanke a kasuwa ba.

Dalili na farko da ke sa mutum ya naɗe hannun riga ya shiga gyara da kansa shi ne kuɗi. A cikin 2024 matsakaicin farashin sabuwar babbar a-kori-kura a Amurka ya haura dala 60,000, ladan bakanike kuwa a garejin birni yakan wuce dala 100 a awa guda. A wannan shekara ne kuma kamfanin S&P Global Mobility, mai bin ƙididdigar motoci, ya ba da sanarwa cewa matsakaicin shekarun motocin da ke kan hanyoyin ƙasar ya kai 12.6. Ke nan mutane suna ƙara riƙe abin da ke hannunsu. Ga ƙaramin manomi ko ɗan ƙwadago, ranar da motarsa ta kwanta ranar ce abincinsa ya tsaya, saboda haka iya gyaranta wani reshe ne na sana'arsa.

Dalili na biyu shi ne ƙirar motocin kansu. Idan aka ɗaga bonet ɗin a-kori-kura ta shekarun 1970, za a tarar da fili isasshe, har hannu da sifana su kai ko'ina ba tare da an kwance wani abu ba. Misali mai kyau shi ne injin Ford mai silinda 6 a jere, mai girman lita 4.9, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1965 zuwa 1996. Da baƙin ƙarfe aka zuba shi, kuma haƙoran ƙarfe ne ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul-bawul ɗinsa, babu bel ko sarƙa da za ta tsinke. Ba shi da gudu na a zo a gani, amma ya yi suna wajen jimiri.

Irin wannan inji abu huɗu yake bukata kafin ya tashi: fetur, da iska, da wuta, da matsi. Kafireto ne ke gauraya fetur da iska, kimanin kashi 1 na fetur ga kashi 15 na iska bisa nauyi. Fistin ya matse haɗin a cikin silinda, sa'an nan filogi ya ƙyasta masa wuta. Wutar kuwa distiributa ke raba ta bi da bi, a kan tsarin 1-5-3-6-2-4 a injin da aka ambata. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa huɗu a ka ba ya ruɗewa ranar da mota ta ƙi tashi. Zai duba ko fetur na isa kafireto, ya duba ko filogi na ba da wuta, ya duba matatar iska, kāna ya auna matsi. Wanda bai riƙe su ba kuwa shi ne kan yi ta sayen kayan gyara yana sakawa da ka, har kuɗinsa su ƙare cutar tana nan. Akwai ma wata ƙa'ida da tsofaffin hannu kan koya wa sababbi: kada a cire wayoyin filogi gaba ɗaya, a riƙa sauya su ɗaya bayan ɗaya, domin in biyu kaɗai suka sāɓa wuri, inji zai yi ta tari da harbi.

Amma mafi yawan aikin ba gyaran ɓarna ba ne, rigakafi ne. A zamanin da aka ƙera waɗannan motoci, al'ada ita ce a juye baƙin mai a canza matatarsa bayan kowace mil 3,000, watau kilomita 4,800 ke nan. Akan bi gaɓoɓin sitiyari da na ƙafafu da man giris, a matsa tiyon lagireto a ji ko ya yi laushi ko ya bushe, a duba fambel ko ya fara tsagewa. A motocin da suka girmi tsakiyar shekarun 1970 akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu a cikin distiributa masu buɗewa da rufewa, waɗanda makanikai ke kira kwantak. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita ɗaya ba, amma in ta ɓaci mota ba za ta yi lafiya ba. Duk waɗannan ayyuka ba su fi ƙarfin mai sifana da sukudireba da filaya ba, muddin yana da haƙuri.

Har wa yau tsohuwar mota takan faɗi ciwonta ga wanda ya iya saurare. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce inji na ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi na nuna fetur ya yi yawa a cikin haɗin. Farin hayaƙi mai kauri, wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, yana nufin ruwa na shiga silinda, galibi saboda gasket ɗin kan inji ya ƙone. Batir mai lafiya yakan nuna wajen bolt 12.6 in mota na kashe, in an tayar da ita kuwa ya hau zuwa wajen 14. Idan bai hau ba, to, laifin ba na batir ba ne, na abin da ke cika shi ne. Da haka mutum yakan tsira daga sayen sabon batir a banza.

Akwai kuma matsalolin da zamani ya kawo wa tsofaffin motoci, waɗanda masu ƙera su ba su yi shirinsu ba. Na ɗaya, fetur ya canza. A dā akan zuba masa dalma, wadda ke kare mazaunin bawul daga ci, amma da aka tabbatar da cutar da take yi wa ƙwaƙwalwar yara sai aka haramta ta a man motocin Amurka daga farkon 1996. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar da irin wannan fetur, a cikin 2021. Yanzu akasarin fetur ɗin Amurka yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol da ake samu daga masara, shi kuwa yana jawo laima, yana kuma cin tsohuwar roba. Don haka tilas a sauya tiyon mai da robobin cikin kafireto da irin na zamani, in ba haka ba fetur ya riƙa ɗiga a kan inji mai zafi.

Na biyu ita ce tsatsa. A jihohin arewa, inda dusar ƙanƙara ke zuba, hukuma takan watsa gishiri a kan hanyoyi don kada motoci su zame, gishirin nan kuwa shi ke cin ƙarfe daga ƙasa. Inji in ya gaji ana iya sāke shi, amma idan tsatsa ta huda shasi, watau ƙashin bayan motar, to, magana ta kusa ƙarewa. Shi ya sa mai sayen tsohuwar a-kori-kura yakan fara da kwantawa a ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma kafin ya kalli fenti, kuma shi ya sa motocin busassun jihohi irin su Arizona suka fi tsada.

To, ina ake samun ilmin? Wasu a wurin iyayensu suka gāda, wasu a littafi. A nan ya dace a ambaci wani Baturen Ingila, John Haynes, hafsan sojan sama. A cikin 1965, yana aiki a Aden, ya taimaki wani abokin aikinsa sāke gina wata ƙaramar mota, sai ya lura littafin da masana'anta ta buga bai yi wa wanda ba gwani ba amfani. Saboda haka ya kwance motar ƙusa-ƙusa, yana ɗaukar hoton kowane mataki, ya buga littafinsa na farko na jagorar gyaran mota a cikin 1966. Kafin rasuwarsa a 2019 littattafan da ke ɗauke da sunansa sun shiga gidaje a ƙasashe da dama. A yau kuma ga hotunan bidiyo a intanet, inda mutum zai ga aikin da idonsa kafin ya taɓa. Bugu da ƙari, akwai filayen matattun motoci inda akan biya kuɗin shiga kaɗan, mutum ya je da kayan aikinsa ya kwance abin da yake bukata, manyan kantunan kayan gyara kuma sukan ba da aron kayan aiki masu tsada idan an ajiye jingina.

Duk da haka, gyara da kai yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba yana wasa da ransa da na jama'a. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba na riƙe ta ba, kuma mutane sun sha mutuwa a ƙarƙashin motar da jak ya sulluɓe mata. Sai an kafa ta a kan matokaran ƙarfe, a ƙasa mai tauri, an kuma tare tayoyi, kāna a shiga. Ba a barin inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari. Ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ƙurar tsohon birki tana iya ƙunsar asbestos, mai lalata huhu, don haka jiƙa ta ake yi a goge, ba a hura ta. Birki da sitiyari da waldar shasi kuwa, in mutum bai ƙware ba, gara ya biya gwani, gama ba shi kaɗai ke bin hanya ba.

Tambayar da ta rage ita ce ko motocin yau za su yi irin wannan tsawon rai a hannun masu su. Daga ƙarshen shekarun 1980 kafireto ya ɓace daga sababbin a-kori-kura, kwamfuta ta karɓi aikinsa. Wannan ya rage shan mai da hayaƙi ƙwarai, kuma tun 1996 doka ta tilasta a sa wa kowace ƙaramar mota mahaɗi iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, inda za a jona 'yar na'ura mai araha ta faɗi inda ciwo yake. Sai dai wani sashe na bayanan ya kasance a kulle, kamfani da dillalansa kaɗai ke da mabuɗi. A kan haka ne masu jefa ƙuri'a a jihar Massachusetts suka amince da dokar 'yancin gyara a cikin 2012, suka kuma faɗaɗa ta a 2020 da rinjayen kimanin kashi 75 cikin 100, don ta haɗa da bayanan da mota ke aika wa kamfani ta iska. Kamfanonin suka garzaya kotu, suna cewa buɗe hanyar zai ba ɓata-gari damar kutsawa cikin motoci. Jihar Maine ma ta bi sawu a 2023. Gardamar dai a kan abu ɗaya take: wanda ya biya kuɗin mota, shin ya mallaki sanin cikinta?

Masu sauraro a Afirka ta Yamma ba baƙi ba ne ga wannan zance. A-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, da Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a 1968, sun yi shekara da shekaru suna kai kaya kasuwannin ƙauye saboda dalilan nan guda: sauƙin ƙira, da yalwar kayan gyara, da yawan waɗanda suka san cikinsu, tun daga Kaduna, inda aka fara haɗa motocin Peugeot a 1975, har zuwa unguwar makanikai ta Suame a Kumasi. Bambancin kawai shi ne, a Amurka ladan aiki ne ke da tsada, a can kuwa kayan gyara ne, kuma abin da gishiri ke yi wa motar Amurka, ƙura da zafi ke yi wa ta bakin Sahara, ta hanyar toshe matatar iska da tafasa lagireto. Amma ko a ina take, a-kori-kurar da mai ita ke duba mata mai da ruwa kafin ya fita, yake kuma kasa kunne ga sabon ƙara tun yana ƙarami, ita ce takan kai shekara arba'in a kan hanya.