Lafiyar Bakin Kare da Kyanwa: Ciwon da Ba Ya Hana Cin Abinci



Idan aka kawo mana kare asibiti, mu likitocin dabbobi, kukan mai shi bai cika wuce kaska ta dame shi, ko yana gudawa, ko ya rame ba. Da wuya ka ji wanda ya ce bakin dabbar ya zo a duba. In kuwa likita ya ɗaga leɓe ya nuna masa dasashi ja jawur da dauɗar da ta rufe rabin haƙori, amsar kusan ɗaya ce: "Ai likita, yana cin abincinsa lafiya lau." Wani ya ƙara da cewa, "Dama ai kare da warin baki aka san shi." Da waɗannan maganganu biyu takardar nan take jayayya. Warin baki alamar cuta ce. Cin abinci kuwa ba shaida ba ce cewa dabba ba ta jin zafi, domin kare da kyanwa sukan ci gaba da ci ko da bakinsu ya lalace. Yunwa ba ta jiran ciwo ya warke, sai dabbar ta koma taunawa da gefe ɗaya, ko ta riƙa haɗiyewa ba tauna.

Kwikwiyo yana fitar da haƙoran nono 28, ɗan kyanwa 26. Suna fara famfara tun suna wata uku zuwa huɗu, kafin su kai wata bakwai kare ya cika haƙora 42, kyanwa 30. Da su za su rayu har mutuwa. Kogon haƙori, wanda ya fi addabar mutane, kaɗan ne a karnuka, a kyanwoyi ma da wuya a gan shi. Abin da yake cin bakinsu shi ne ciwon dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙori.

Yadda ciwon dasashi yake somawa

Cikin sa'o'i kaɗan bayan an wanke haƙori tas, ƙwayoyin cuta suna taruwa a jikinsa su yi wani yauƙi da ido ba ya gani. Idan ba a goge shi ba, ma'adanan da ke cikin miyau sukan daskarar da shi cikin 'yan kwanaki ya yi kanta, wato wannan ɓawon mai ruwan ƙasa da ake gani a gindin fiƙa da turame. A matakin farko dasashi ne kawai yake yin ja, ya kumbura, ya riƙa jini in an taɓa. Nan ana iya komawa lafiya gaba ɗaya. In aka bari, ƙwayoyin cutar su gangara ƙarƙashin dasashi, jiki ya tashi yaƙarsu, a cikin wannan yaƙi jijiyoyin da suka ɗaure haƙori da ƙashin da yake zaune a ciki su narke. Kamar yadda ruwan damina yake cin gindin katangar ƙasa ne: daga sama tana tsaye ƙyam, alhali ƙasanta ya zaizaye. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Masana sun daɗe da tabbatar da cewa yawancin karnuka da kyanwoyi suna da wani mataki na wannan ciwo kafin su wuce shekara uku. Ya fi tsanani a ƙananan karnukan gida irin waɗanda ake shigowa da su daga waje, saboda haƙoransu sun cushe a ɗan ƙaramin muƙamuƙi. A irin waɗannan akan sami ramin fiƙar sama ya ɓulle har cikin hanci, kare ya riƙa atishawa yana zubar da majina ta kafa ɗaya. Akan kuma sami muƙamuƙin ƙasa ya sirance har ya karye saboda ɗan bugu kaɗan. Bincike ya nuna akwai dangantaka tsakanin tsananin ciwon dasashi da lahani a ƙoda, hanta da zuciya, ko da yake ciwon da dabbar take kwana da shi ya isa dalilin yin magani ko babu wannan.

Ƙashi, da haƙorin da ya tsage

A wurinmu karen gadi da karen farauta sun fi yawa, kuma ladan da aka saba ba su shi ne ƙashi. Mutane suna ganin ƙashi yana wanke haƙori, kuma gaskiya ne taunawa tana kankare wani abu. Sai dai akwai babban haƙori a kowane gefe na muƙamuƙin sama, can wajen baya, wanda kare yake yanka nama da shi. Idan ya danne ƙashin ƙafar saniya da shi, gefen haƙorin yakan ɓalle, wani lokaci har ɓargonsa ya bayyana, a ga ɗan ɗigo ja ko baƙi a tsakiya. Ta nan ƙwayoyin cuta suke bi zuwa saiwa. Bayan makonni ko watanni sai a ga kumburi a ƙarƙashin ido. Ya fashe, mugunya ta fita, a wanke, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya lafa, sannan ya dawo a daidai wurin. Na sha ganin karnukan da aka daɗe ana yi wa maganin ƙurji a fuska, alhali babu wanda ya taɓa leƙa bakinsu. Ƙurjin nan ba zai warke ba sai an cire haƙorin ko an yi aikin saiwarsa.

Ma'aunin da nake ba masu karnuka mai sauƙi ne: abin da farcen babban yatsanka ba zai iya lotsawa ba ya fi ƙarfin haƙorin kare. Ƙaho, kofato, dutse da ƙashin ƙafa duk sun shiga ciki. Dafaffen ƙashin kaza da ƙayar kifi kuma sukan tsage su soki baki, ko su gicciye a ganɗa tsakanin haƙoran sama.

Abubuwa biyu a kan kwiyakwiyai, a taƙaice. Wani lokaci fiƙar nono ba ta faɗuwa, sai a ga fiƙa biyu manne da juna, dauɗa na taruwa a tsakaninsu. Cire fiƙar nonon ake yi. Sannan cutar distempa tana lalata farin rufin haƙoran da ba su riga sun fito ba, maganin tetarasaikilin kuma yana rina su in an ba kwikwiyo ko karya mai ciki. Mun san yadda ake sayen wannan magani barkatai a kasuwa.

Kyanwa

Kyanwa ta fi kare iya ɓoye ciwo, kuma an fi sakaci da ita, don a gidaje da shaguna da yawa ana ɗaukarta ma'aikaciyar kama ɓera ce da ke ciyar da kanta. Tana da wata cuta da jikinta da kansa yake narkar da haƙorin, yawanci daga daidai bakin dasashi. Da ido sai a ga kamar ɗan jan nama ya hau kan haƙori. In aka taɓa wurin, muƙamuƙinta yakan kama karkarwa saboda zafi. Ba a cike irin wannan haƙori, cire shi ake yi.

Cuta ta biyu ta fi muni: kumburin da ke kama dasashi da can ƙuryar baki, wurin ya yi ja kamar ɗanyen nama. Kyanwar takan tunkari kwano da yunwa, ta ɗauki loma, ta yi ƙara ta yar, ta gudu. Ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe, miyau mai jini ya riƙa dalala. Magungunan sha ba su cika wuce lafar da shi na ɗan lokaci ba. Abin da ya fi taimakon mafi yawansu shi ne cire turame duka, wani lokaci har da sauran haƙoran. Masu kyanwa sukan razana in an faɗa musu haka, amma kyanwa marar haƙori tana cin abinci sosai, sau da yawa ma ta yi ƙiba bayan aikin, domin zafin ya tafi.

A tsohuwar dabba, duk wani tsiro ko gyambon baki da ya ƙi warkewa a ɗauke shi da muhimmanci, domin sankarar baki tana kama karnuka da kyanwoyi, kuma tana saurin cin ƙashi.

Ina roƙon a isar da wannan ga kowa: kada a ba kyanwa farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen kuma yana huda ciki ya lalata ƙodar kare da kyanwa. Tausayi ne yake sa mutane su ba da su, amma sakamakon mutuwa ne.

Kafin a sa hannu a baki

A nan ne halinmu ya sha bamban da na Turai da Amurka, inda aka rubuta yawancin littattafan da muke karantawa. Can ana cewa mai dabba ya buɗe bakinta ya duba. Mu nan dole mu fara da tambaya: an yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga karnuka ake ɗaukarta. Ba kowane karen da ya kamu ne yake haushi da cizo ba. Akwai wanda yake yin laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, miyau na zuba, ya kasa haɗiya. Mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale, ya zura hannu zai ciro. Ƙaramin tsagu a yatsa ya isa. Saboda haka, idan dabbar da ba a yi wa rigakafi ba ta fara dalalar da miyau farat ɗaya, a killace ta a kira likita. Wanda ta ciza ko miyanta ya taɓa masa rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar karnuka ba abin nema daga nesa ba ce. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin ta, kuma ana fara yi wa kwikwiyo yana wata uku.

Akwai kuma waɗanda ƙyamar miyan kare take hana su kusantar bakinsa. Hukuncin wannan na malamai ne, amma ta fuskar aiki safar hannu ta roba ta raba gardama. Wanda ya ajiye kare don gadi, farauta ko kiwo, haƙƙin lafiyarsa yana wuyansa.

Abin da yake aiki

Babu abin da ya kai goge haƙora kullum. A fara tun dabbar tana ƙarama: yau a shafa leɓe kawai, gobe a ɗaga shi, jibi a naɗa ɗan tsumma mai tsabta a yatsa a shafa gindin haƙora, har a kai ga buroshi mai laushi irin na yara. Ba sai an wage baki ba. Gefen waje, inda haƙori ya haɗu da dasashi, nan ne aikin yake, kuma minti ɗaya ya wadatar. Kada a yi amfani da man goge baki na mutane. Dabba ba ta tofarwa, sinadarin fuloraid yana cutar da ita, wasu mayukan kuma suna da zailitol, wanda yake faɗar da sukarin jinin kare ya lalata masa hanta. In babu man dabbobi, buroshi da ruwa sun isa. Bakin da ya riga ya kumbura kuwa ba a fara shi da buroshi, sai likita ya yi magani tukuna.

Kantar haƙori ba ta fita da buroshi. Sai an sa dabba barci an kankare sama da ƙarƙashin dasashi, an auna zurfin kowane rami, an ɗauki hoton ƙashi in akwai na'ura, domin fiye da rabin haƙori a ɓoye yake. Na san wasu suna danne kare a farke su ɓamɓare abin da ido yake gani. Ƙungiyar Likitocin Ƙananan Dabbobi ta Duniya, a ƙa'idojin kula da haƙora da ta fitar a 2017, ta yi watsi da wannan hanya, kuma ina tare da ita: haƙori ya yi fari, mai kare ya tafi da murna, cutar tana nan a ƙasa tana ci. Tsoron maganin barci ba laifi ba ne, amma hanyar rage haɗarinsa ita ce a gwada jini, a saurari zuciya, a sa ido a kan numfashi har dabbar ta farka.

Ga asibitocin koyarwa na Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ina roƙon kada ɗalibi ya fita sai ya iya cire haƙori mai saiwa uku ba tare da ya bar guntu a ciki ba, ya kuma iya kashe zafin wurin da allura. Ga abokan aikina kuwa, dabbobi da yawa sau ɗaya tak muke ganinsu a shekara, ranar allurar rigakafi. A wannan rana mu sa safar hannu, mu ɗaga leɓe hagu da dama, mu nuna wa mai dabbar abin da muka gani da idonsa, mu kuma rubuta shi a katinta.