21 GA FABRAIRU: DAGA DEGEL ZUWA TUNGAR DAJI, ME TOSHE BAKI YA JAWO?

Wannan shi ne jawabin da wani Malami ya gabatar wa matasa a Tungar Daji, cikin ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, a kan abubuwan da suka auku ranar 21 ga Fabrairu a tarihi, da kuma 'yancin faɗin albarkacin baki. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (SAW), Malam ya fara da cewa kwanaki duk na Allah ne. Sai dai akwai ranar da idan aka jera abubuwan da suka faru a cikinta, sai a ga darasi guda yana ta maimaita kansa. Ya ce zai kawo wa 'yan'uwa abubuwa huɗu da suka faru ranar 21 ga Fabrairu, a ƙasashe uku, kuma dukkansu a kan magana ne: wa zai yi ta, wa zai hana, kuma me hanawar take haifarwa.

DEGEL, 1804

Malam ya ce a irin wannan rana ce, cikin watan Zulƙida na 1218 bayan hijira, Shehu Usman Ɗan Fodiyo (RA) ya bar Degel zuwa Gudu shi da jama'arsa. To amma ba a fahimtar wannan hijira sai an koma baya kaɗan. Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a nan ƙasar Zamfara. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Sallar Layya, ya yi masu kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinare. Shehu ya ƙi karɓa. A madadin zinaren ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Bawa ya amince.

"Ku lura da kyau 'yan'uwa," in ji Malam. "Biyun farko 'yancin mai magana ne da 'yancin mai saurare. An miƙa masa zinare, ya ce a'a, a bar masa bakinsa. Ku riƙe wannan, za a dawo kansa."

Ya ci gaba da cewa da Nafata ya hau sarauta sai ya sa aka yi shela a kasuwanni: ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, ba rawani, ba lulluɓi. Ɗansa Yunfa ya zo ya ɗora. Aka far wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, sannan aka aiko wa Shehu ya fita daga cikin jama'arsa shi da iyalinsa kawai. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'a, suka fita tare. Wata huɗu bayan haka aka gwabza a Tafkin Kwatto, a 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a wurin. Malam ya ce Bawa da ya bari a yi magana ya bar Gobir a tsaye, wanda ya toshe baki kuwa ya rasa gari ya rasa rai.

DAKA, 1952

Daga nan Malam ya tsallaka zuwa birnin Daka, wanda a lokacin yake Gabashin Pakistan. Ya ce mahukuntan ƙasar sun dage cewa Urdu ne kaɗai zai zama harshen hukuma, alhali mafi yawan mutanen ƙasar da harshen Bangali suka tashi. Da ɗaliban Jami'ar Daka suka shirya fitowa, sai aka kafa dokar hana taro. Ranar 21 ga Fabrairu, 1952 suka fito, 'yan sanda suka buɗe masu wuta, aka kashe matasa, cikinsu har da Barkat, Rafiƙ da Jabbar. A 1956 ala tilas aka amince da Bangali a tsarin mulki, amma zukata sun riga sun ɓaci. A 1971 yankin ya ɓalle ya zama Bangaladash bayan yaƙi mai muni. Saboda waɗannan ɗalibai ne hukumar UNESCO a 1999 ta ayyana wannan rana a matsayin ranar harshen uwa ta duniya.

Malam ya ce abin lura a nan, masu mulkin Musulmi ne, ɗaliban da aka harbe ma Musulmi ne. Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa mai toshe baki kullum baƙo ne. Sau da yawa sahu ɗaya ake tsayawa da shi a masallaci.

NEW YORK, 1965

Na uku shi ne kisan Malcolm X, wato Alhaji Malik El-Shabazz, baƙar fatar Amurka wanda ya yi suna wajen tona asirin wariyar launin fata. A 1964 ya bar ƙungiyar Nation of Islam, ya yi aikin Hajji, ya biyo ta Nijeriya har ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan. Ranar 21 ga Fabrairu, 1965 ya tashi zai yi jawabi a zauren Audubon, ya yi sallama kenan aka yi masa ruwan harsasai a gaban matarsa da 'ya'yansa. Shekararsa 39. Mutum uku aka ɗaure, dukkansu 'yan ƙungiyar da ya bari. A 2021 kotu ta wanke biyu daga cikinsu, bayan ta tabbata cewa hukumar FBI da 'yan sandan New York sun ɓoye hujjojin da za su iya kuɓutar da su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Malam, ko da an shekara hamsin da shida ana haƙa.

Ya ce darasin nan na 'yan ƙungiyoyi ne. Matashin da yake kukan hukuma ta hana shi magana, amma idan ɗan'uwansa ya saɓa wa ra'ayin malaminsu sai ya ɗauko gora, to shi ma ƙaramin Nafata ne, sarauta ce kawai bai samu ba.

KADUNA, 2000

Na huɗu, Malam ya ce, shi ne mafi ɗaci. Ranar 27 ga Janairu, 2000 aka fara aiki da Shari'a a Zamfara a ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, maganar ta kai majalisar dokokin jihar Kaduna. Musulmi sun yi ta gangamin goyon baya. Ranar 21 ga Fabrairu Kiristoci suka fito jerin gwanon nuna rashin amincewa. Kafin rana ta faɗi gari ya kama da wuta. Fiye da mutum dubu suka halaka, Musulmi da Kirista, aka kuma bi 'yan Arewa da ramuwar gayya a Aba. Bayan haka mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogin Kaduna, Kirista a kudancinsa.

Ya ce kowane ɓangare yana da haƙƙin ya fito ya faɗi abin da yake so, sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ma ya rubuta haka. Abin da ya ci rayuka shi ne baƙar magana, jita-jita, da ƙin jure jin abin da rai ba ya so. Magana zarar bunu ce. 'Yancin magana ba lasisin ƙazafi ba ne, kuma Suratul Hujurati ta umarci muminai da bincike kafin su yi aiki da labari.

TO, A DAWO GIDA

A nan Malam ya dubi matasan ya ce wani zai ce ina ruwan Tungar Daji da Daka? Ya ce a tambayi maƙabartar garin. A 2010 yara ƙanana suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa a nan, da Abare, Dareta, Duza, Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙurar da ke cike da gubar dalma ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baka. Sai a watan Maris na shekarar ne likitocin MSF, na-gari-na-kowa, da suka shigo bin sawun sanƙarau, suka lura da abin. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu.

Ya ce ba don a zargi iyayen da aka jarrabta ba, domin ba su san guba ce ba, kuma talauci ba wasa ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce: bayan an gane dalilin, akwai wuraren da aka riƙa ɓoye mace-macen don tsoron kada a hana haƙar zinare. "A Magami an ba da zinare don a yi shiru, Shehu ya zaɓi magana. A nan kuwa zinare ya saya shiru, yara suka biya kuɗin."

Sannan ya nuna abin da magana ta yi. Ba a iya yi wa yaro magani mai ɗorewa sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidansu, in ba haka ba zai koma ya sake kwasa. An share Tungar Daji da wasu ƙauyukan, amma Bagega ta zauna jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar da sunan Follow The Money, suka yi ta yayata ta a intanet da kafafen labarai da hujjoji a hannu. A Janairun 2013 gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin, aka fara aikin Bagega. Ba su ƙona ko taya ɗaya ba.

Malam ya tunatar da cewa a Satumbar 2021, lokacin Gwamna Bello Matawalle, an katse layukan waya a faɗin Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga, ɗan ƙauye ya kasa ko kiran neman agaji. A Oktobar 2022 kuma gwamnatin jihar ta rufe wasu gidajen rediyo da talabijin, har da NTA Gusau, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa, sai da hukumar NBC ta fito ta ce jiha ba ta da wannan hurumin. Ya ce duk wanda ya yi murna a ranar don ba jam'iyyarsa aka taɓa ba, ya sani abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A ƙarshe ya bar wa matasan wasiyya uku. Na ɗaya, duk wanda ya ga abin da ke cutar da jama'a, guba ce, hari ne, ko cin amanar dukiyar talakawa, ya faɗa, ga mai gari, ga asibiti, ga 'yan jarida, kada tsoro ko kwaɗayi ya ɗaure masa harshe. Na biyu, kada ya faɗi sai abin da ya tabbatar: me ya faru, a ina, yaushe, wa ya gani. Saƙon da ya shigo waya ba a san mafarinsa ba, ya mutu a wayar. Na uku, ya bar abokin saɓaninsa ya kai aya, sannan ya mayar masa da hujja. Mai hujja ba ya buƙatar gora.

Malam ya rufe da addu'ar Allah Ya jiƙan yaran da aka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya kawo ƙarshen zubar da jini a Anka, Gummi, Bukkuyum da sauran ƙasa, Ya kuma ba matasa harshen da ke faɗin gaskiya da kunnen da ke jure jin ta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.