GIDAN MAKAMA DA DARASIN DA KE CIKINSA GA MUTANEN ACHIKA

 

A yau za mu yi magana a kan wani gida da yawancinmu ke wucewa ta gabansa a birnin Kano ba tare da mun leƙa ba, wato Gidan Makama, wanda ke kusa da fadar Sarki. Masana tarihi sun nuna cewa Muhammadu Rumfa ya zauna a cikinsa tun yana riƙe da sarautar Makama. Da ya hau gadon sarauta a 1463, sai ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa ya koma can, ya yi mulki har 1499. Tsohon gidan kuwa ya ci gaba da amsa sunan Makama.

To ina ruwanmu da wannan gida? Ruwanmu ne ƙwarai. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarautar Makama ta koma hannun Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine na Utai, maƙwabtanmu. Makama na cikin masu zaɓen Sarkin Kano, kuma shekaru da dama shi ne hakimin ƙasar Wudil. Ke nan sunan da ke kan gidan sunan hakiman kakanninmu ne.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da wani sashe na gidan, daga baya aka buɗe makaranta a cikinsa, wani sashen kuma ya zama gidan adana kayan tarihi. Abin lura shi ne, da tubali da azara aka gina shi, irin dai namu na Achika. Abin da ya tsare shi fiye da shekara 500 shi ne hannun magina bai taɓa barinsa ba, kuma an san masu shi.

Mu kuwa fa? Soraye nawa suka zube a garinmu saboda an bar indararo ya toshe, damina ta ci katanga? Zaure nawa magada suka rushe suka aza bulo, ba wanda ya tambayi wa ya kafa harsashinsa? Mun karantar da yara tarihin Rumfa shekara da shekaru, amma ba mu rubuta sunan wanda ya gina gidan da aka haife mu ba. Laifin namu ne, malamai, kafin ya zama naku.

Saboda haka muna roƙo biyu. Kowane ɗan ƙungiya, kafin ya koma birni, ya zauna da dattijon gidansu ya rubuta wanda ya kafa gidan, daga ina ya zo, da waɗanda suka gaje shi, ya miƙa wa sakatare. Sannan kafin ruwa ya sauka, a aiko da kuɗin yaɓe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuriyarmu.