MINSHARI DA TSAYAWAR NUMFASHI CIKIN BARCI: LAMBAR LOKOTORO DA HALIN MAI CIWO

 

Maganar da aka ɗora muna yau ita ce ta minshari, wanda muka fi sani da hansari. Dalili kuwa, wasu cikin ƴan uwanmu na manyan birane sun fara zuwa awon barci, suna komowa da takarda mai lamba. Wanda aka ce ma nashi ƙarami ne sai ya jefa takarda cikin akwati. Wanda aka ce ma nashi babba ne sai gabanshi ya faɗi. Ya kamata mu san abin da lambar nan take faɗi da abin da ba ta faɗi.

1. Mine ne ciwon?

Ba ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa ba ne, kuma ba dannau ba ne. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yana saki, harshe ya koma baya. Ga wasu sai hanyar iska ta toshe. Ƙirji yana ja, iska ba ta shiga, iskar da ke cikin jini ta ragu, har ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Da safe bai san an yi ba. Wanda ke kwana kusa da shi ne ke jin hansari ya yanke, a yi shiru, sa'an nan ya fashe. Da faransanci ana ce mishi apnée du sommeil. Lokotoro Henri Gastaut na Marsai ya bayyana shi a 1965.

2. Yadda ake ƙirga

Ana ɗaura ma mutum na'ura dare guda. Duk tsayawar numfashi ko raguwarshi da ta kai sakan 10 ana ƙirga ta, a raba da awowin barci. Lambar da ta fito ita ce IAH a takardun faransanci. A 1999 likitocin barci na Amurka suka tsaida aji kamar haka: ƙasa da 5 a awa, lafiya, daga 5 zuwa 14, ƙarami, daga 15 zuwa 29, matsakaici, daga 30 zuwa sama, babba.

3. Abin da lamba ba ta faɗi

Mu manoma ne. In aka ce muna an yi ruwa sau 30 a damana, za mu tambaya: yayyafi ne ko ruwan shuka? Ya zo lokacin da hatsi ke bunni, ko bayan ya bushe? Rumbu ne ke ba da labarin damana. Haka lambar nan take: tsayawar sakan 10 da ta minti guda duk ɗaya ake ƙirga su, alhali ta biyu ta fi rage iskar jini, ta fi wahal da zuciya. Kuma lambar mutum guda tana sakewa daga dare zuwa dare, gwargwadon kwanciyarshi, rigingine ko gefe.

A jihar Wiskonsin ta Amurka an auna ma'aikata 602, aka fid da sakamako a 1993. Cikin maza 100, 24 sun kai lamba 5 ko fiye. Cikin mata 100, 9. Amma waɗanda suka haɗa lambar da barcin rana mai yawa, maza 4 ne, mata 2. Ke nan da yawa suna da lamba, ba su jin ta a jiki da rana.

Ga kuma ɗaya gefen. A 1999, a garuruwan Burgos da Santander na Ispaniya, an auna direbobin da suka yi haɗari. Mai lamba 10 ko fiye ya ninka sauran wajen sau 6 ga yin haɗari. Ku lura, 10 tana cikin ajin da ake kira ƙarami. To, ku dubi ɗanmu da ke jan kamiyo ɗauke da simintin Malbaza ko albasar Galmi, ko mai motar fasinja tsakanin Ƙwanni, Badagishiri da Tawa. Gyangyaɗin sakan 3 bisa gudun kilomita 80 a awa ya fi mita 60 ido rufe. Ga dattijon da ke zaune zaure, lamba 10 ba lalle ta dame shi ba. Ga direba, rayukan mutane ne.

Kada kuma mai babbar lamba ya ce tunda ba ya jin komi, babu komi. Mutanen Wiskonsin ɗin nan an bi su shekara 18, aka ga a 2008 masu lamba 30 zuwa sama sun ninka marasa ciwon wajen sau 3 ga mutuwa, ko suna barcin rana ko ba su yi. Ciwon yana tafiya da hawan jini, wato tansiyo, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Mata sau da yawa ba su kukan gyangyaɗi. Gajiya, ciwon kai da safe da rashin barci suke faɗi, sai a ce aikin gida ne. Yara kuwa awonsu dabam ne: tsayawa fiye da 1 a awa ta isa a duba. Mu malaman lakwal mun san yaron da ke kwana baki buɗe, ya wuni cikin aji hankalinshi ba ya zama. Sau da yawa ƙululun maƙogwaro ne suka kumbura, ba ƙiwuya ba.

4. Abin da za mu yi

Na farko, mu tambayi rana. Lokotoro Murray Johns na Ostareliya ya tsara tambayoyi 8 a 1991, irin su: kana gyangyaɗi kana cikin karatu, ko cikin taro, ko kana hira da mutum, ko mota na tsaye cikin cunkoso? Wanda barci ke sacewa ana magana da shi, ya nemi likita, komi ƙanƙantar lambarshi.

Na biyu, mu saurari matanmu da abokan ɗakinmu na bida. Faɗin cewa numfashin mutum yana tsayawa ba tonon asiri ba ne.

Na uku, a auna tansiyo. Wannan ba sai an je Yamai ba. Gidan likita na Illela, na Galmi ko na Tawa sun isa.

Na huɗu, mai ƙiba ya rage, a kwanta bisa gefe, a nisanci giya da ƙwayar barci da tramol, don suna ƙara kashe numfashi. Goro da shayi ba su biyan bashin barci. Direban da ya ji ido ya yi nauyi ya tsaya ya kwanta.

Na biyar, cire beli wurin wanzami ba maganin wanga ciwo ba ne, ga haɗarin zubar jini. Maganin da aka fi dogara da shi na'ura ce mai hura iska ta hanci da dare, CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni a 1980. Tana bukatar lantarki, kuma lokotoro ne ke daidaita ta.

Saboda haka, wanda ya samu takarda ya koma wurin wanda ya ba shi, ya faɗa mishi aikin da yake yi da yadda yake wuni, ya tambayi har ina iskar jininshi ta sauka da dare. Waɗanda suka iya karatu su karanta ma waɗanda ba su iya ba.  Allah shi ba mu lafiya, shi kai matafiyanmu gida lafiya.