Kwanan Daji Da Ƙananan Yara: Jawabin Kwamitin Walwala A Taron Ƙungiya

 

Hutun makaranta na ƙarshen shekara ya matso, kuma magidanta da dama sun tuntuɓi wannan kwamiti a kan yadda za su fita da iyali su kwana biyu a wajen gari. Wannan niyya ce mai kyau. Yawancin 'ya'yanmu a nan kurmi aka haife su, sun san kwalta da hayaƙin mota, amma da yawansu ba su taɓa ganin giwa ko ɓauna ba sai a littafi, alhali kuwa gani ya kori ji. Abin da muke so mu tsaya a kansa yau abu ɗaya ne, wato a zaɓi wurin kwana gwargwadon ƙarfin ƙaramin cikin yaran. Idan auta ya yi barci lafiya, to, tafiya ta yi kyau. Idan kuwa ya kwana kuka ko ya dawo da zazzaɓi, ba wanda zai sake marmarin fita.

Jama'a, kwanan waje ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake ne masu safarar goro da shanu, kuma wannan unguwa tamu ta Sabo da aka kafa a Badun a 1916 daga irin wannan zirga-zirga ta samo asali. Madugu ba ya sauke ayari sai inda akwai ruwa da tsaro, kuma yana sauka tun rana ba ta faɗi ba. Waɗannan sharuɗɗa uku har gobe su ne ma'auni. Da su za mu auna hanyoyi uku da magidanci zai iya bi.

Hanya ta farko ita ce a kama ɗaki a cikin sansanin da hukuma ke kula da shi. Ita muka fi ba mai goyo da mai yaro ɗan ƙasa da shekara 5 shawarar ya bi. Misalin da ya fi shahara shi ne Gandun Dajin Yankari a Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A tsakiyarsa akwai sansanin Wikki mai ɗakunan kwana, kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi wanda zafinsa ke tsayawa a kan digiri 31 rani da damina. Yaro zai ga giwa da ɓauna da gwanki idan an yi sa'a, da dare kuma ya kwanta a kan katifa, ƙofa a kulle. Rani ne lokacin zuwa, domin ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suna taruwa a bakin kogin Gaji. Sai dai a kula da gwaggon biri. Sun saba da mutane ƙwarai, suna fizge abinci daga hannun yaro, suna kuma shiga ɗakin da aka bari a buɗe.

Wanda Bauchi ta yi masa nisa, akwai Ikogosi a Jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa, kuma akwai masauki. Ko ina za a je, a fara buga waya a tabbatar da akwai ɗaki da ruwa da wuta, a kuma ji kuɗin kafin a bar gida.

Hanya ta biyu ita ce tanti. Ya fi araha, yara masu wayo kuma suna sonsa. Amma a kafa shi a cikin shingen da ke da masu gadi, da famfo da ban-ɗaki a kusa. Mu faɗa wa juna gaskiya, dajin yau ba irin na da ba ne, masu satar mutane sun ɓata wurare da yawa, saboda haka kada wani ya yanki daji haka kawai ya kafa tanti da mata da yara. A sayi tanti mai shimfiɗa a ɗinke da jikinsa da raga a ƙofa, wanda ya fi yawan iyalin girma, wato mutum huɗu su nemi na mutum shida. A kafa shi a kan tudu, nesa da kwari da gidan tururuwa da busasshen reshe. A shimfiɗa tabarma, a ɗora katifa, domin sanyin ƙasa ya fi na iska shiga jikin yaro.

Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi, kuma da ita ya kamata kowa ya fara. A kafa tantin a tsakar gida, ko a gidan gona na dangi idan an je ganin gida, a kwana ɗaya. A nan za a gane yaron da ke tsoron duhu, da wanda ke fitsarin kwance, da kayan da aka manta. Idan abin ya ƙi, ɗaki na nan kusa.

To, kowace hanya aka bi, akwai abubuwa biyar da ba a wasa da su.

Na ɗaya, sauro. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya fi kashewa. A tafi da gidan sauro mai magani ko da ɗaki aka kama. Yaron da jikinsa ya yi zafi a can ko bayan an dawo, a kai shi gwajin jini a ranar.

Na biyu, wuta. Sanyin hunturu a Arewa ya fi wanda 'ya'yanmu suka saba da shi a nan, to, maganinsa bargo da rigar sanyi da hula da safa. Iyayenmu mata, don Allah kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti ko rufaffen ɗaki. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Haka hayaƙin janareta yake. A yi girki a waje, a haska da tocila.

Na uku, ruwan sha. A tafi da na gora ko a tafasa. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, domin gudawa na saurin kayar da ƙaramin yaro. Idan babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a cikin lita 1 ta tsabtataccen ruwa.

Na huɗu, wanka. Ruwan Wikki garau yake har ana ganin yashin ƙasa, wannan ke sa a zaci ba shi da zurfi, alhali wani ɓangarensa ya shanye tsayin yaro. Yaro na nutsewa ba tare da ihu ba. A sa babba guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon yara, kada a bar wa yayarsu 'yar shekara 10.

Na biyar, maciji da kunama. Kada yaro ya fita da dare ba takalmi ba fitila, a kuma kakkaɓe takalma da safe. Idan tsautsayi ya faru, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Game da hanya kuma, mu bi dokar madugu. A tashi da sassafe, a sauka kafin magariba, kada a yi tafiyar dare. Mai zuwa Bauchi daga nan da yara ya raba tafiyar kwana biyu. A tambayi direbobinmu na tasha halin da hanya ke ciki a makon tafiyar, domin su ne ke bin ta kullum.

Daga ƙarshe, wannan kwamiti na ba da shawarar gidaje uku ko huɗu su haɗu su ɗauki mota guda. Kuɗi zai ragu, idanun da ke kan yara kuma za su ƙaru. Masu niyya su ba sakatare sunayensu da shekarun yaransu bayan an tashi, domin mu haɗa kowa da wanda ya dace da shi.

Allah ya raya mana zuriya, ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.