Darasin da ke gindin aduwa

Malaman kimiyya na Gadarif: A ƙauyukan bakin kogunan Rahad da Atbara, cutar kala'azar ta daɗe tana kumbura saifar yaranmu. Wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba ke yaɗa ƙwayarta, wadda likitoci Leishman da Donovan suka bayyana a 1903.

Don Allah kada darasin wannan cuta ya tsaya ga hadda. Ku tambayi ɗalibai: me ya sa ƙwaron ya fi yawa inda aduwa da baƙar laka suke? Itacen ne, ko damshin tsagar ƙasa? Kowa ya faɗi zatonsa. Sannan a kafa takardu masu man zurma wuri biyu, gindin aduwa da bakin tsagar ƙasa, kafin magariba, da safe a ƙirga abin da ya maƙale.