Rajistar Aji Amana Ce: Jawabi ga Malaman Firamare na Mazaɓar Limawa

 

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse fadar gwamnati, garin nan bai kai rabin yadda yake yau ba. Ma'aikata suka tare, 'yan kasuwa suka biyo su, aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, gonakin da ke bayan Limawa da Garu suka zama unguwanni. Duk gidan da aka gina, yara ne za su fito daga cikinsa da safe, kuma mu ne muke tarbarsu a bakin aji.

Doka tana tare da yaran nan. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi. Saboda haka ba mu da ikon mayar da yaro gida don aji ya cika, ba ma kuma so. Amma Tsarin Ilimi na Ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35. Mu ƙaddara aji mai yara 100 da darasi na minti 35. In malami bai yi komai ba sai bin yara ɗaya bayan ɗaya, kowa zai samu daƙiƙa 21. Ko kiran suna bai gama ba an kaɗa ƙararrawa.

To, su wane ne yaran? Galibin masu hali sun kai nasu makarantun kuɗi, har da wasu daga cikinmu, kada mu ɓoye. Namu su ne 'ya'yan manoma da leburori da masu ƙaramar sana'a, da 'ya'yan Fulani daga rugagen gefen gari, da yarinyar da sai ta sauke farantin talla kafin ta ɗauki littafi. A aji ɗaya za ka ga ɗan shekara shida kusa da ɗan shekara goma wanda ya fara da makarantar allo. Wannan na biyun ya riga ya san riƙon alƙalami, ya san harafi yana ɗauke da sauti, amma sai mu zaunar da shi kamar bai taɓa ganin rubutu ba. Asara ce muke yi. Damina ta faɗi, benci ya yi sarari. Lokacin girbin gero ma haka.

Nan ne batun rajista ya shigo, kuma shi ne ya tara mu. Kowace shekara ana ƙidayar makarantu, da alƙaluman nan ne hukumar SUBEB take lissafin malamai da azuzuwa da littattafai. Akwai masu ganin dabara ce a bar sunan yaron da ya daina zuwa tun bara, wai don kason makaranta ya ƙaru. Wannan dabara kanmu take komawa. In rajista ta ce yara 90, aka zo jarrabawa aka samu 60, ana rubuta cewa malami ya kasa. Mafi muni, yaro 30 ɗin nan a takarda suna makaranta, don haka babu mai fita nemansu. Sun ɓace tsakanin littafinmu da kasuwa.

Haka nan sakamako. Muna ciyar da yaro gaba kowace shekara, ya kai aji shida bai iya karanta jimla ɗaya da Hausa ba, balle Turanci, sannan malamin ƙaramar sakandare ya gaji matsalar, ya zage mu a zuci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aunin da ya fi kowane a wurinmu shi ne: a ƙarshen aji uku, yara nawa ne za su karanta gajeren labari da Hausa su faɗi abin da ya ƙunsa?

Abin da muke roƙo ga 'yan uwa a wannan zango shi ne, kowane malamin aji ya ware sunayen da suka yi wata guda ba su zo ba, ya miƙa wa shugaban makaranta, a kai wa kwamiti da mai unguwa da liman, domin su ne suka san ƙofar kowane gida. Sannan a zaunar da kowane ɗan aji uku, shi kaɗai, ya karanta layi biyar, a rubuta abin da aka ji ba tare da kara ba. Waɗannan alƙaluma biyu reshen ƙungiya zai ɗauka zuwa ofishin Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumar Dutse idan za mu nemi ƙarin malamai, kuma muna so su iso hannun sakataren reshe kafin a fara jarrabawar ƙarshen zango.